'Ya'yan gidajen hukuma a Birtaniya: me suke kewa a ƙuruciyarsu?

Idan aka zaunar da dattijon Birtaniya mai shekara 70 da ɗoriya, wanda ya tashi a gidajen hukuma, aka ce ya ba da labarin ranar da suka tare, da wuya ya fara da wani abu in ba baho ba. Baho mai famfo biyu, na ruwan sanyi da na ruwan zafi, a cikin gida, a ɗaki mai ƙofa da sakata. Daga nan sai ya gangara kan masai, wanda ba sai an fita waje tsakar dare cikin hunturu an bi layi da maƙwabta ba. Sai ɗan lambun bayan gida. Sai yara: kowace ƙofa ka buga akwai sa'anka a ciki, ku fita tun hantsi, ba mai neman ku sai an kunna fitilun titi.

A yau kuwa, a ce wane ɗan gidajen hukuma ne, magana ce da ta kusa zama gori. Jaridun ƙasar sun shafe shekara 40 suna haɗa sunan waɗannan unguwanni da zaman banza da ƙwaya da sara-suka. Wuri ɗaya, labari biyu. Amsa mai sauƙi ita ce a ce tsufa ne kawai, ai kowa ƙuruciyarsa zuma ce. Ni ban yarda da wannan amsa ba. Shaidar da waɗannan dattawa suke bayarwa gaskiya ce, kuma ana iya bin diddigin dalilanta ɗaya bayan ɗaya. Sai dai shaidar yaro ce, kuma akwai abin da yaro ba ya gani ko da a cikin gidansu.

Bari a fara da bambanta su da kwatas irin namu. Gidajen da gwamnati ta fi ginawa a nan na ma'aikatanta ne: ɗan sanda, malamin asibiti, ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ranar da ya bar aiki zai miƙa makulli. A Birtaniya ƙananan hukumomi ne suke ginawa, su riƙe mallaka, su ba mazauna garin haya, ko ina mutum yake aiki. Abin ya kankama da dokar gidaje ta 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1921 zuwa 1935 hukumar Landan ta gina Becontree a gabashin birnin, gida wajen 26,000, mutane sama da 100,000, unguwa ɗaya da ta fi garuruwa da yawa girma.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da abin larura. Bama-baman Jamus sun rushe gidaje sama da 200,000 ƙurmus, sun lalata wasu miliyoyi, kuma shekara shida ba a yi wani gini na kirki ba. Waɗanda suka tsira ma da yawansu tsofaffin gidajen ma'aikata ne na ƙarni na 19, masu danshi da kuɗin cizo. Ƙidayar 1951 ta nuna fiye da gida ɗaya cikin uku a Ingila da Wales ba su da bahon wanka kafaffe. Bahon kwano ake saukewa daga ƙusa ranar wanka, a dafa ruwa a tukunya, yara su shiga bi da bi a ruwa ɗaya. Wanda ya fito daga irin wannan ɗaki, dole famfon ruwan zafi ya zauna masa a rai har tsufa.

Matakin farko na gaggawa ne. An ƙera ƙananan gidaje a masana'antu, wasu da alminiyam a masana'antun da suka gama ƙera jiragen yaƙi, a kawo su a mota a ɗora kan daɓen siminti. An yi sama da 156,000, da niyyar su yi shekara goma a rushe. Suna da kicin a shirye har da firji, a zamanin da yawancin masu hali ma ba su da shi. A Catford da ke kudancin Landan, fursunonin yaƙi na Jamus da Italiya ne suka harhaɗa guda 187, kuma mazaunansu sun yi ta gwagwarmayar hana rushe su har bayan shekara 60.

Mutumin da ya fi barin tambarinsa a gidajen dindindin shi ne Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal daga Wales, wanda shi ma ya shiga ramin kwal yana ɗan shekara 13. Shi ne ministan lafiya daga 1945 zuwa 1951, kuma a lokacin harkar gidaje tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda suka ɗauki al'amarin: ɗaki mai danshi shi ne mafarin tarin fuka. Bevan ya kafe a kan inganci. Gida mai ɗakin kwana uku ya haura murabba'in ƙafa 1,000, babban iyali kuma a yi musu masai biyu. A dokar 1949 ya sa aka goge kalmomin da suka keɓe gidajen hukuma ga talakawa 'yan ƙwadago. Burinsa, kamar yadda ya faɗa a majalisa, likita da mai kanti da mahauci da lebura su zauna a layi ɗaya. An gina gidajen hukuma sama da 800,000 a zamanin wannan gwamnati ta jam'iyyar Leba.

Da masu ra'ayin riƙau suka karɓi mulki a 1951 ba su fasa ginin ba, sai ma suka ƙara wuta. Ministan gidaje Harold Macmillan ya ɗauki alkawarin gida 300,000 a shekara, ya cika a 1953, kuma mafi yawansu na hukuma ne. Amma ya cika ne da rage faɗin ɗakuna da sauƙaƙa kayan gini. Tun daga nan aka fara fifita yawa a kan inganci, kuma za a ga inda hakan ya kai.

To, mene ne ya sa ƙuruciya ta yi daɗi a waɗannan unguwanni? Abu na farko, a ganina, yadda aka raba gidajen ne. Ana bin maki, kuma mai ƙananan yara a ɗakin da ya yi musu kaɗan shi ke gaba a layi. Ga shi an faɗa shekarun yawan haihuwa na bayan yaƙi. Sakamakon haka, a wata ɗaya sai iyalai ɗaruruwa su tare a layuka sababbi fil, kusan dukkansu matasan ma'aurata da 'ya'ya biyu, uku, huɗu. Harlow, ɗaya daga cikin sababbin garuruwan da aka gina bayan dokar 1946, har laƙabi aka yi mata da garin keken jarirai. A tsohuwar unguwa akwai tsofaffi da 'yan gari da baƙi, kowa da matsayinsa. A nan kowa baƙo ne, kuma yara su suka fara mallake wurin, tun iyayensu ba su gama sanin sunan juna ba.

Sannan titi nasu ne. A 1951 gida 14 cikin 100 ne kawai suke da mota, a unguwannin hukuma kuma abin bai kai haka ba. Ana buga ƙwallo a tsakiyar kwalta, a ɗaura igiya a sandar fitila a yi lilo. Kuma da yake an gina unguwannin a bakin gari, inda fili yake da araha, bayan layin ƙarshe sai gonaki da daji da rafi, da tarin yashi da bulo na gidajen da ba a gama ba. Wani bincike da masani Mayer Hillman ya jagoranta ya gano cewa a 1971 kashi 80 cikin 100 na yara 'yan shekara 7 da 8 a Ingila suna zuwa makaranta ba rakiyar babba, amma a 1990 sun koma kashi 9. Kada a ɗauka zamanin ba shi da haɗari. Yaran da mota take kashewa a lokacin sun fi na yanzu yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya faru daga baya shi ne motoci sun ƙaru, iyaye suka janye 'ya'yansu cikin gida, titi ya koma hannun direbobi.

Akwai kuma abin da yaro yake ci bai san daga ina ya fito ba: aikin ubansa. A shekarun 1950 da 1960 marasa aikin yi a Birtaniya ba su cika wuce kashi biyu zuwa uku cikin 100 ba. Masana'antar motoci ta Ford da ke Dagenham, dab da Becontree, ta taɓa ɗaukar ma'aikata wajen 40,000. Albashi yana shigowa kowace Juma'a, a cire na haya a ajiye wa mai zagayawa karɓa, a ware sulalla na jefa wa mitar gas (sule ɗin nan dai da kakanninmu suka sani, da sisi da taro). Asibiti kyauta ne tun 1948, a makaranta ana ba kowane yaro ɗan kwalbar madara kullum. A 1953 aka daina taƙaita sayen alewa da kati, kuma har yau tsofaffi suna tuna wannan rana. Uwa uba, ba tashi. In dai kana biyan haya, a aikace gidan naka ne har mutuwa. Yaro ya fara firamare ya gama sakandare da abokai ɗaya, a layi ɗaya. Ina ganin wannan zaman dindindin shi ne ƙashin bayan duk abin da suke kewa, ko da ba su kira shi da suna ba.

Yanzu a tambayi uwar yaron. Labarinta daban ne. A 1957 wasu masana biyu, Michael Young da Peter Willmott, suka fitar da binciken da suka yi a kan iyalan da aka kwashe daga Bethnal Green, a gabashin Landan, zuwa sabuwar unguwar Debden, can a wajen birnin. A Bethnal Green sun tarar fiye da rabin matan aure sun ga mahaifiyarsu a ranar da ta gabaci hira da su. Uwa tana lungu na gaba: ita ke riƙe jariri, ita ke ba da rancen sule biyu kafin Juma'a, ita ke yi wa 'yarta magana da mai karɓar haya a samo mata ɗaki kusa. Duk macen da ta san daɗin wankan jego a gaban mahaifiyarta ta san abin da ake nufi. A Debden duk wannan ya yanke. Miji ya fita da asuba ya kama jirgi, yara sun bazama fili, ita kuma tana cikin gida mai kyau, ba wanda za ta ce wa ina kwana sai maƙwabciyar da ba ta san asalinta ba. Likitocin lokacin har suna suka ba wannan hali, wai ƙuncin sabon gari.

A Glasgow, babban birni a Sikotlan, abin ya fi muni. An gina manyan unguwanni huɗu a gefen birnin, Castlemilk da Drumchapel da Easterhouse da Pollok, aka zuba dubban mutane, aka bar kasuwa da wuraren taruwa sai daga baya. Easterhouse ta haura mutum 50,000, amma ta yi shekaru ba ta da kasuwa ta kirki. Motocin talla ne suke zagayawa da kayan masarufi, da tsada. Filin da yaro yake gani aljannar wasa, uwarsa tana ganinsa tafiya ce mai nisa da kaya a hannu zuwa tashar bas.

Mu ma abin ya taɓo mu, kuma daga tushe ɗaya. A 1955 aka fara rushe tsakiyar Legas, aka mayar da mutane sababbin gidaje a Surulere. Peter Marris, abokin aikin su Young a cibiya ɗaya, ya zo ya bi sawun waɗannan iyalai, ya tarar da kusan abin da aka gani a Debden: ɗakuna sun fi kyau, amma dangi sun watse, mata 'yan kasuwa sun rabu da masu sayen kayansu, kuɗin mota yana cinye abin da aka samu. Masu tsara birane na wancan zamani, a Landan ko a Legas, sun iya lissafin ɗaki da taga da bututu, amma zumunci bai shiga takardunsu ba.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin labarin kwata-kwata, domin ba a ba su makulli ba. Ƙananan hukumomi da yawa sun sa sharaɗin sai mutum ya yi shekaru a yankin kafin ya shiga layi, wasu kuma suna fifita 'ya'yan tsofaffin 'yan haya. Wannan ya rufe ƙofa ga baƙin da suka zo daga Jamaika da Indiya da Pakistan da Afirka ta Yamma, suka ƙare a ruɓaɓɓun ɗakunan 'yan kasuwa. Sai a 1968 doka ta haramta wariyar launin fata a harkar gidaje, kuma har a 1984 hukumar yaƙi da wariya ta gano ana tura baƙaƙen fata gidaje mafi lalacewa a Hackney da ke Landan. Ko a tsakanin fararen, jami'ai suna shiga gida su duba tsabta da gyaran gado, su ba iyali daraja, mai kyau a kai shi sabuwar unguwa, wanda aka raina a tura shi tsohuwa. Ƙyama daga waje ma tsohuwa ce. A Cutteslowe da ke Oxford, a 1934 aka gina katanga mai tsini a kai a tsakiyar titi don raba gidajen hukuma da na masu saye, kuma ba ta faɗi ba sai 1959. Yaran wannan unguwa sun yi shekara 25 suna dogon zagaye.

Da aka zo bayanin yadda abin ya lalace, yawancin mutane benaye suke nunawa da yatsa, kuma suna da hujja. Dokar tallafi ta 1956 ta sa kuɗin da gwamnatin tsakiya take ba ƙaramar hukuma yana ƙaruwa da tsawon gini. Gida a bene mai hawa 15 yana jawo kusan ninki uku na tallafin gidan ƙasa. Kamfanonin gini suka kawo dabarar zuba bangayen kankare a masana'anta a zo a jera su kamar kwali. Ranar 16 ga Mayu 1968, a Ronan Point da ke gabashin Landan, wata mata a hawa na 18 ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Gas ya fashe, bango ɗaya ya fita, kusurwar benen mai hawa 22 ta zube tun daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka mutu nan take. Ginin bai fi wata biyu da buɗewa ba. Ga uwa mai ƙananan yara kuwa, bene azaba ne ko bai faɗi ba. A tsofaffin gidajen Glasgow uwa takan leƙo ta taga ta jefo wa ɗanta burodi a nannaɗe cikin takarda yana wasa a ƙasa. Daga hawa na 20 ba ta ma gane wanne ne nata.

Amma in kankare ne kaɗai mai laifi, yaya za a yi da Park Hill, unguwar benayen kankare da ke birnin Sheffield? An gama ta a 1961, gida kusan 1,000, da baranda masu faɗi da motar mai madara take bi har ƙofar gida. An ba barandun sunayen tsofaffin layukan da aka rushe, aka yi ƙoƙarin ajiye tsofaffin maƙwabta kusa da juna. Shekarunta na farko mutane suna son zama a ciki. Ginin bai canza ba a shekarun 1980. Masana'antun ƙarfe na Sheffield ne suka durƙushe, dubban magidanta suka rasa aiki, kuɗin gyara ya ƙafe a hannun hukuma. A 1998 aka sa ta cikin gine-ginen tarihi, daga baya wani kamfani ya gyara ta, yau masu hali suna sayen gida a cikin kankaren nan da aka ce shi ne ya lalata mutane.

Abin da ya canza na haƙiƙa shi ne su wa suke ciki, da abin da ke aljihunsu. A 1979 kusan gida ɗaya cikin uku a Birtaniya na hukuma ne, kuma ko a cikin kashi goma na sama na masu samu, mutum ɗaya cikin biyar a irin waɗannan gidaje yake zaune. Burin Bevan bai cika ba, amma bai yi nisa sosai ba. Dokar 1977 ta wajabta wa hukumomi su fara da marasa matsuguni da masu tsananin buƙata. Doka ce ta adalci, ba na jayayya da ita, amma tana buƙatar a ci gaba da gini. Maimakon haka sai gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo dokar 1980, wadda ta ba ɗan haya damar sayen gidansa da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin 100, daga baya har 70 ga gidajen bene, aka kuma ɗaure hannun hukumomi wajen kashe kuɗin cinikin a sabon gini. Kafin 1987 an sayar da miliyan ɗaya, zuwa yau a Ingila kaɗai kusan miliyan biyu.

Ba na ganin laifin wanda ya saya. Mutum ya yi shekara 25 yana biyan haya, an ce ga dama ka bar wa 'ya'yanka gado, wa zai ƙi? Alamar farko da ake gane gidan da aka saya ita ce ƙofa: hukuma launi ɗaya take shafa wa kowa, mai saye kuwa ranar farko yake canza tasa. Amma a duba abin da aka saya da abin da aka bari. Gidajen Bevan masu lambu su suka fara tafiya, a hannun masu aikin yi. Benaye masu yoyo suka rage wa hukuma, ita kuma dole ta zuba mafi rauni a cikinsu, a daidai lokacin da marasa aiki suka haura miliyan uku a 1982. Aka tara talauci da rashin lafiya da zaman banza wuri ɗaya, sannan aka dawo ana cewa halin mutanen unguwar ne. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin. Mun ga ɗanɗanon irinsa a gida lokacin da aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja daga 2005: wanda ke ciki ya samu, ƙaramin ma'aikacin da aka ɗauka bayansa ya nufi Nyanya da Mararaba neman ɗaki.

Sikotlan ta soke dokar sayarwar a 2016, Wales a 2019. A Ingila, wani bincike ya nuna kusan huɗu cikin goma na gidajen benen da aka sayar sun koma hannun masu ba da haya na kasuwa, kuma akwai ƙananan hukumomin da suke karɓar hayar gidajen da su suka gina, da tsada, don su ajiye marasa matsuguni. Iyalai sama da miliyan ɗaya suna layin jira. A 2024 yara sama da 150,000 a Ingila suna kwana a masaukin wucin gadi, wasu iyali guda a ɗaki ɗaya na otal, ana ɗauke su daga wannan yanki zuwa wancan, wani lokaci a tsakiyar zangon karatu. Mai yiwuwa wasunsu jikokin waɗancan yara ne da suka buɗe famfon ruwan zafi a 1953.